Daga Shafin Ƙarshe Nake Farawa

Litinin, 6 ga Oktoba

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ni daga ƙarshe nake fara karanta littafi. Duk littafin soyayyar da ƙawata Rediyo ta ara mini, kafin in riƙe sunan yarinyar ma na riga na leƙa shafin ƙarshe, na ga ko an yi aure ko wani ya mutu. Sannan in dawo farko hankalina kwance. Washegari in zaro mata ido in ce, "Wallahi ban zaci haka zai ƙare ba!"

Haka nake yi wa lissafi ma. Amsoshin suna bayan littafi. Sai in kwafi tambaya a sama, in ajiye amsa a ƙasa, in cike tsakiya da layuka masu kama da aiki. Malamarmu ta bara amsa kawai take dubawa. Jarrabawa kuwa ta zaɓi ce, sai in yi ta cusa amsoshin cikin tambayar har in ga wadda ta shiga. Da wannan makin aka saka ni ajin kimiyya.

Yau aka kawo mana sabon malamin aljabra da tirigonometiri. 'Yan ajin gaba suna ce masa Malam Daga-Ina. Ban gane dalili ba sai da ya buɗe baki.

Laraba, 8 ga Oktoba

Dokokinsa. Da biro za a yi aiki, ban da fensir. Ba a goge kuskure, layi ɗaya za a ja a kai, a bar shi yana kallon mutum. Kullum a zauna da lissafi ko kaɗan ne, kada a tara wa Lahadi. Ya ce, "Amsa ba ta dame ni ba, mai buga littafin ma ya san ta. Ni hanya nake so. Wannan bakwai ɗin, daga ina? Wa ya haife ta?"

Aji ya yi dariya.

Gwajin tsakiyar zango ba irin na zaɓin amsa ba ne. Wanda ya faɗi, ko dai ya shiga darasin yamma har ƙarshen zango, ko ya bar ajin kimiyya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Baba dai yana nan yadda yake. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, in an tashe mu nake rugowa gida, domin Umma ta tafi aikin yamma a ɗakin wankin asibiti. A bakin ƙofa muke haɗuwa, tana ɗaura mayafi tana jero mini: magani, ruwa, ki juya shi, kada ki bar shi da jiƙaƙƙen zani.

Ɗakin warin man zafi yake. Fanka tana juyi da ƙara kamar tana jin haushin kowa.

Abu ɗaya ne yake sa Baba murmushi, da rabin bakin da ya rage masa. In miƙa masa littafin aikin gidana, ya ɗora a ƙirji, ya bi jajayen alamun maki da yatsan hannunsa mai lafiya. Sai ya ce, "Injiniya." Kalmar tana fita a murɗe, amma ina ganewa. Ya yi shekaru yana gyaran wutar gine-ginen da wasu suka zana, ya ce ni zan zana, wani ya hau tsani.

Talata, 14 ga Oktoba

Goma bisa goma. Ban san ko ɗaya ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mun shiga alwatika. Malam ya zana tsani jingine da bango, ya ce a nemo kusurwa. Ni ina kallon tsanin sai na ga wani yana hawa, dogo, marar surutu, hannun rigarsa a naɗe, ita kuma tana taga ta yi kamar ba ta gan shi ba. Har na kai wurin da yayanta ya fito da sanda, na ji, "Ke ta kusa da taga. Sin ko cos?"

Na ce cos, don ya fi daɗin faɗi. Ashe daidai ne.

"Daga ina?"

Rediyo ta ce ƙasa-ƙasa, "Daga sama, Malam, wahayi ne." Har shi sai da ya danne dariya. Amma ya daɗe yana kallona.

A hanya ta ce, "Ke dai muguwa ce, kin iya abu kina noƙewa kamar amarya. Ki koya mini mana, 'yar rainin hankali." Na ce sai na samu lokaci.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na tambayi Umma me likita ya ce. "Da sauƙi." Na tambayi Goggo, yayar Baba, da ta zo dubiya. "Da sauƙi, 'yar nan." Kowa da sauƙi. Na ɗauki katin asibitinsa na juya bayansa, ban san me nake nema ba. Ba komai a bayan sai tambarin asibiti.

Goggo ba ta daɗe ba. Ta shafa saman kabad ta duba yatsanta, Umma ta gani. Daga nan gaisuwa kawai suka yi, irin wadda ta fi zagi ciwo.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na mutu.

Malam ya raba littattafan aikin kowa ban da nawa. Da aka fita tara ya ce in tsaya. Ya buɗe aikin jiya, tambaya ta goma sha bakwai. Aikina tsaf, ko layi ɗaya ban ja a kan komai ba, amsa ashirin da huɗu kamar yadda take a bayan littafi.

Ya ce, "Kin san wani abu? Amsar da ke bayan littafin nan kuskure ce. Wurin bugawa aka juya ta, arba'in da biyu ce. Duk shekara ina ba da wannan tambayar da gangan. Masu yin aiki sukan zo mini a ruɗe, su ce Malam, tamu ta ƙi zama daidai da ta littafi. Ƙawarki mai surutu ta cika shafi biyu da zane-zane, ta samu arba'in da ɗaya da ɗigo, ta kusa. Ke kuwa kin bi hanya mai kyau, shimfiɗaɗɗiya, kin isa gidan da babu shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Wanda ya iya ƙirƙiro layi shida don su dace da ƙarya, kansa yana ja. Tsoro ne ke damunki. Ba kya iya zama da abin da ba ki san ƙarshensa ba."

Ya miƙo mini littafin aikina, haɗe da babban littafin lissafina da ya karɓa tun da safe. Na buɗe a hanya: ya yanke shafukan amsa na babban littafin da reza, tas.

A gida Baba ya miƙo hannu. Na ce Malam bai duba ba tukuna.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na zauna da tambaya ɗaya tun da Umma ta fita har hasken taga ya koma ja. Ni da x muna kallon juna. Hannuna sai ya kai bayan littafi da kansa, ya taɓo gefen takardar da aka yanke.

A littafin soyayya da yanzu wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ɗan maƙwabta mai gilashi, ya ce ya ji ana kuka. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Baba ya yi tari, na je na juya shi.

Talata, 28 ga Oktoba

Gwaji. Na ja layi a kan kusan duk abin da na rubuta. Takardar kamar an yi mata shinge.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na faɗi, mummunar faɗuwa. Rediyo ta haye da ƙyar, tana ta rawa a baranda har ta ga fuskata. Ta ce, "Ke? Ke ɗin?" Sai na gaya mata duka, har da na shafin ƙarshe. Ta riƙe baki. "Wato duk kukan da nake yi ina jiran in ga ko zai dawo, ke kin sani? Amma ke an yi 'yar baƙin ciki." Sannan ta rungume ni, tana warin alewa.

Malam ya ba ni ambulan a manne, in kai gida. Ya ce sai an sa hannu zan shiga darasin yamma, ranar Litinin yake son amsa. In babu, zango mai zuwa ba ni cikin ajinsa. Na ce Malam, da yamma ni ke zama da mahaifina. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce amma shi ba zai iya yanke wa gidanmu shawara ba, ni ma bai kamata in yanke musu ni kaɗai a ɓoye ba.

Ya nuna wata tambaya a takardata, wadda na ja wa layi sau huɗu. Maki biyu cikin biyar. Ya ce, "Waɗannan biyun naki ne. Su ne na farko."

Juma'a, 31 ga Oktoba

In na ba da wasiƙar: Baba zai san jajayen alamun da yake shafawa ba na Injiniya ba ne. Umma za ta je ta roƙi Goggo ta riƙa zama da shi, ita da ta ce gara ta bar aikin da ta roƙe ta. In ban bayar ba: in bar ajin shiru, in ce ni na canza ra'ayi, Baba ya ci gaba da murmushi har zuwa

Ban san har zuwa yaushe ba. Abin ke nan.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ambulan ɗin tana cikin sabon littafin da Rediyo ta ba ni. Na ɗaga ta a hasken taga, takardar mai kauri ce. Na san yadda ake buɗewa da tururin buta a mayar. Har na ɗora butar.

Baba ya kira ni da ƙwanƙwasa gefen gado. Ya nuna jakata. Babu abin ba shi sai littafin aikin wannan makon, mai shinge. Na ba shi, na juya ina ninke zanin da yake a ninke.

Ya daɗe. Da na waiwaya, yatsansa yana bin layukan da na ja, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda yake bin waya a bango in yana neman inda wuta ta yanke. Ya kai ƙasan shafi inda babu alamar maki ko ɗaya. Ya dube ni. Bai ce Injiniya ba. Amma bai saki littafin ba, da shi ya yi barci a ƙirjinsa.

Butar ta tafasa ta ƙone. Na sha faɗa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na yi tambaya uku da safe. Ɗaya ina jin daidai ce. Ina jin. Ba inda zan duba.

Littafin Rediyo ina shafi na sittin. Yarinyar ta hau mota ta bar garin, shi bai sani ba. Ban san ko zai bi ta ba. Ba wani abu ba ne, ambulan ɗin ce a maƙale a shafin ƙarshe, ban so in taɓa ta, shi ke nan.

Umma tana tsakar gida tana guga, yau ba ta da aiki. Baba ya farka, ina jin gadon yana ƙara. Zan ce mata ta shigo ɗakin, a gabansa zan bayar, kada in ba ta a waje ta ce masa da sauƙi.

Ban buɗe ba. Ban san me Malam ya rubuta ba, ban san me Umma za ta ce ba, ko Goggo za ta yarda.

Bari in je kafin ta kashe dutsen guga.