Wanda Gwaggo Take Shafawa a Waya

Zuwa ga bawana, Sagiru Bajimi,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma da ka ce ajamina ya yi kama da sawun kaji a kan tsakin gero, ka miƙo mini abata. To yau babu mai miƙo mini ita.

Gida lafiya. An yi ruwa sosai bana, geron Baba na hanyar Baure ya yi kyau. Jan san nan da ya taka maka ƙafar hagu a kara, kasuwar shanu, an sayar da shi. Ni kuma ina nan ina jan dabbobi ranar kasuwa, sai dai mutane sun ce bakina ya mutu.

Maganar mahaifiyarka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san Gwaggo da kunyar ɗan fari. Tun da ka tafi Amurka karatu, har suka ga ƙirjinka suka sa ka a ƙungiyar ƙwallon jami'arku, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa cewa a nuna mata kai ba. In na zauna a tsakar gidanta ina kallon wasannin da kake turo mini, sai ta zo wucewa da faifai, ta saci kallo, ta tambaye ni wai wanne ne abokin wasan nawa. Ku kuwa duk kun kifa ƙoƙon ƙarfe a ka, kafaɗu kamar an ɗaura muku mangala, kuna karo irin na raguna a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Na san lambar da ke bayanka sarai. Amma me ya kai ɗan namiji faɗin gaskiya a kan ɗan mace? Yau in nuna mata wanda ya fi kowa tumbi. Gobe in nuna wanda aka yi wa kayen tsiya. Ran nan har alƙalin wasa na nuna, mai riga zane-zane, na sa yaran gidan suka ce shi ne. Ta yi tsaki, ta ce Allah ya shirye ni. Na ba ka labari a waya, ka yi dariya har da tari.

Kakar wasan nan ba ta yi muku daɗi ba. Da fari aka riƙa cinye ku, da sanyi ya shigo kuka farfaɗo, a wasan ƙarshe kuka sake faɗi. Ka ce mini baɗi za ku rama. Ina baɗin, Sagiru? Mota ta zame da ku a kan ƙanƙara, Musulmin garin suka sallace ka, suka rufe ka a ƙasar da babu wanda ya san hanyarta a cikinmu. Mu sai zaman makoki muka yi, babu gawa, babu kabari.

Bayan an watse, Gwaggo ta kira ni ɗaki. Ta ce hoton da ke bango ba ya motsi, tana so ta gan ka kana tafiya. Ta faɗi sunanka, Sagiru. Da kunnena na ji.

Na buɗe wasan ƙarshe, na nuna mata kai. Ga ka nan a layin gaba, cikin masu tokare mutane, kana jefa ƙafar hagun nan waje. Ta duba, ta duba, ta ce ko yanzu ba zan bar wasa ba? Na yi rantsuwa, ta ce kada in ɗauki zunubi. Na kira yaran gidan su karanta mata lambar, ta ce ai ta san na haɗa baki da su kamar wancan karon. Idonta ya fara yana, ka sani. Ta karɓi wayar ta zaɓa da kanta: wani dogo mai rungume ƙwallo yana gudu, wanda ba a cika kayarwa ba. Ta ce ɗanta ba zai zama wanda ake dannewa a ƙasa ba.

Yanzu kullum bayan la'asar sai na kai mata wayar. Tana shafa wannan dogon da yatsa, tana masa addu'a. Ɗan wata matar ne, wataƙila yana can yana cin tuwonsa. Kai kuma kana gefe, rabin jikinka a ƙarƙashin ƙartin mutane, babban yatsanta ya rufe ka.

In yi yaya? In ci gaba da musu da ita, in ƙwace mata ɗan abin da ta samu? Ko in yi shiru ta mutu ba ta gan ka ba? Mutum ɗaya ne zai ce mata Mudi ya faɗi gaskiya ta yarda, shi ne kuma nake rubuta wa takardar da ba za ta je ba.

Ban taɓa gaya maka ba: duk wasannin nan kai kaɗai nake kallo. Ban san dokar ba har yau, ban san yadda ake ci ba. Ƙafar hagun nan nake bi.

Jiya ta tambaye ni ko na ga yadda kake gudu. Na ce mata na gani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka a can inda kake. Sai mun zo.

Ubangidanka da ya rasa bawa,
Mudi