Wanda Aka Bari a Bakin Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Ishaƙa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Bur Sudan. Na rubuto maka a fili ne saboda in na kira waya sai ka ce layi ba kyau. To yau jama'a su zama shaida.

Kwanan baya ina tsince ƙanumfari a shagonmu na titin Mansur, na kunna wani shirin tarihi a waya. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne na Fotugal, tun zamanin da iska ke tura jirgi. Sunansa ya ƙi zama a bakina. An ce yana saurayi ya bar garinsu, ya zagaye Afirka yana neman inda masoro da ƙanumfari suke fitowa. Na dubi tiren da ke cinyata na ce, ikon Allah, a kan wannan mutane suka mutu!

Ba jarumtarsa ce ta tsaya mini a rai ba, Yaya. Duk gaɓar da ya sauka sai ya gina gidan ajiyar kaya, ya zaɓi wasu cikin mutanensa ya ce su riƙe wurin, su saya su tara, zai dawo in iska ta juya. Wani wurin ya koma, wani wurin bai koma ba. Shi kansa zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar da ba tasa ba. Mai shirin ya yi ta yabonsa. Ni kuwa waɗanda aka bari nake tunani, suna fitowa kowace safiya suna duban ruwa.

Ka san dalili. Ranar da za mu tsallako teku daga Bur Sudan zuwa Jidda ina ƙarama, ina riƙe da zanen Inna. Kai ka ɗauko mana kaya har bakin jirgi, sannan Baba ya dafa kafaɗarka ya ce, “Ka riƙe wurin, sai na aiko.” Ka juya ka tafi. Na ɗauka ruwa za ka sayo mana ka dawo.

Baba ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Haka ya ga iyayensa suna yi tun daga Kano: ɗa ɗaya a kowane zango, kaya su riƙa tafiya. Kai ka turo zoɓo da riɗi da turaren wuta, mu muka sayar, muka girma a inuwar Harami. Shi bai zo da bindiga ba kamar Baturen, amma wallahi barin mutum dai bari ne. Har ya rasu bai aiko ba, kai kuma da taurin kanka ka mayar da maganar kamar wasiyya.

Na sha yi maka faɗa, na sha yin fushi. Yau ba faɗa na zo yi ba.

Inna ba ta da lafiya. Mun dawo da ita gida a unguwar Ka'akiyya daga mustashfa, wato asibiti, likita ya ce mu yi ta addu'a. Ka san ta da kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai “wancan na bakin ruwa”. In buhunanka suka iso takan shafa ɗinkin bakin buhu ta ce hannunsa ne, shi ke nan.

Ranar Juma'a ina ba ta kunu ta ture cokalin. Ta dubi ƙofa ta ce, “Ishaƙa bai iso ba?” Haka ta faɗa, ƙarara, a gaban surukai. Na fita tsakar gida na yi kuka.

Mijina ya gama maganar bizar umra, saura kai. Ka ba Musa ɗanka makullin wurin ajiyar kayan, ya isa mutum. In zoɓon ya lalace ya lalace, khalas. Ina kewarka, Yaya, kuma tsoro nake ji.

Allah ya buɗe maka hanya, ya kwantar maka da teku, ya ara wa Inna kwana har ka durƙusa a gabanta ka amsa kiran da kanka. Amin.

Ƙanwarka,
Hauwa'u, daga Makka