Wasiƙa Arba'in da Ɗaya, Duk na Misbahu

Largo, Maryland
10 ga Yuli, 2011

Yaya Ilu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ƙafa? Ni lafiya lau, tasi ma ana taɓawa, bayana ne dai ke ɗan damuna.

Lokacin sabunta lasisin ƙaramin gidan rediyon nan ya yi, inda ni da Misbahu muke shirin Hausa ran Lahadi. A nan, sai an sanar da masu sauraro su rubuta wa hukumar da ke ba da lasisin yabonsu ko ƙorafinsu. Ni na karanta sanarwar, har sau shida.

Mutanenmu suka ɗauka zaɓi-sonka ne! Wasiƙa arba'in da ɗaya suka aika wa hukumar, kowa na gaida danginsa, yana roƙon waƙa, "a kuma gaida Malam Misbahu mai zaƙin murya." Da manaja ya ga kwafinsu, sai ya yanki rabin lokacina ya ƙara wa Misbahu.

Ba wai na ji haushi ba ne. Na dai bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman sunana. Na same shi a ta ƙarshe: "Daga Ɗija, matar Sabo." Ita ma Misbahun ta gaisar.

Allah ya bar zumunci. Kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Sabo