Yaya Mamman, Safiya ta yi magana a Djougou

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Mamman.

Bayan gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo maka da labarin yaranka na tiyatir, 'yan wasan kwaikwayon nan. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuto.

Ka san ni tela ce. Duk shekarun da kake tara 'yan lakwal, yaran makaranta, ranar Asabar a tsakar gidanmu na Kpébié, nawa ɗinkin kayan wasa ne da leƙe ta taga. Bayan sadakar arba'in sai ga su, su goma sha ɗaya, a ƙofar shagona, wai in ci gaba da koya musu. Na ce ban iya ba. Suka ce ƙarar keken ɗinki ba ta hana ni jin abin da kake koya musu ba.

Haka na fara, ina kwaikwayonka. Su tsaya ƙafa a ware, hannu a kan cibiya, su ja numfashi har ciki ya taso. Su yi tafiyar tsoho, su yi ta mai ɗauke da tulu. Su aika murya har katanga ba tare da ihu ba. Ranar farko Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko a ji ko lafiya.

Ka tuna Safiya, 'yar garin Tourou mai in'ina, wadda ke zama can gefe? Yanzu shekararta sha biyar. Da wata makaranta a Djougou ta gayyace mu bikin ƙarshen shekara, sai na ba ta matsayin mai shara, babu ko kalma ɗaya. A raina tausayi ne. Bayan an watse ta tsaya, ta daɗe tana kokawa da maganar kafin ta fito: "Tanti, Malam Mamman ya ce wata rana zan yi magana a gaban mutane." Yaya, kunya ta rufe ni. Na ba ta matsayin yarinyar da ke gaya wa mai gari wanda ya sare itatuwan kaɗanya.

Washegari mahaifiyarta ta hau zem, babur ɗin haya, ta same ni a shago. Ta ce kada in kai mata 'ya garin mutane a yi mata dariya. Na ce ba zan iya yi mata alkawarin ba za a yi ba, amma ta zo mu tafi tare. Ta tashi ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Sati uku muna aiki. Safiya tana koyon jan numfashi kafin kowace jimla. Wanda ya fi ba ni wahala Bashir ne, mai fitowa a mai gari. Da ta sarƙe sai ya ƙarasa mata, wai taimako. Na maimaita masa maganarka har ya gaji da ji: wanda bai iya jiran abokin wasansa ba, bai fara wasa ba.

Ranar tafiya muka tarar da uwar a tasha, ta riga mu zuwa.

Bayan la'asar aka fara, filin ya cika. Safiya ta fito, ta durƙusa gaban mai gari, ta buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Ta sake, ta ƙi. Daga baya can wasu suka fara dariya. Ina bayan labule, har na buɗe baki zan raɗa mata. Sai na ga Bashir ya ajiye sandarsa, ya gyara zama, ya zuba mata ido kamar ba shi da wani aiki a duniya sai jin ta. Dariyar ta yi ƙasa, ta mutu. Safiya ta ɗora hannu a cibiya, ta ja numfashi, ta faɗi maganarta. Ta sarƙe sau biyu a tsakiya, filin ya jira ta, ta kai ƙarshe.

A mota, a hanyar dawowa, wajen garin Onklou, yara duk suna ta waƙa, uwar ta matso kusa da ni. Ta ce, "Hadiza, ko a gida ba mu taɓa jiranta haka ba." Ta juya fuska ga taga. Ni ma sai na tuna sau nawa na ƙarasa wa yarinyar nan magana ina ganin alheri nake yi.

Asabar da ta wuce sababbi huɗu suka zo, Safiya ce ta koya musu tsayuwa. Da kana nan da ka yi dariyar nan taka har ka riƙe ciki, don faɗa take musu kamar kai.

Na yi kewarka, Yaya. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koya wa yaran nan ya bi ka da lada. Ya haɗa mu a Aljanna da Inna da Baba.

Ƙanwarka mai tuna ka kullum,
Hadiza