Ramin da Ƙafarka Ta Haƙa

Zuwa ga ƙanena, Makulli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana zuriya, ya sa nisan da ke tsakaninmu ya tsaya a na ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Matar yayanka ciwon gwiwar nan ya lafa mata, har ta koma yi mini faɗa a tsaye, wanda alama ce ta samun sauƙi. Autarmu ta zo da yaranta sun kwana biyu, sun fasa mini tabarau, sun tafi sun bar gidan shiru kamar an yi sata. Yaya Babba tana nan, ji ya ragu amma baki bai ragu ba.

Wasiƙarka ta iso tuntuni, kuma na san ka ga shiru. Ka ce idan Allah ya kai mu hutun makaranta kana so ka kawo takwarana gida ya ga filin ƙwallonmu da idonsa, domin ya ƙi yarda cewa ubansa mai tumbin nan ya taɓa tashi sama ya cafe ƙwallo. Na yi dariya har na share hawaye, sannan na ninke takardar na sa a aljihu, na yi ta yawo da ita ban iya amsawa ba. Ka yi haƙuri ka bar ni in bi ta doguwar hanya kafin in kai ka ga dalili, ka san tsoho ba ya yanke.

Kai shaida ne a kan karatun da na yi. Kana nan lokacin da malamai ke cewa yaron nan shi zai zana taswirar ƙasa tun daga tudu har bakin ruwa. To yau ga inda taswirar ta ajiye ni: ɗaki na ƙarshe a ofishin awon filaye, daura da banɗaki, ni da kabad-kabad na tsofaffin taswirori da gara ke karantawa fiye da mutane. Akwai fanka a kan teburina wadda in wuta ta zo sai ta yi ta juya kai hagu da dama kamar mai cewa a'a ga duk abin da na roƙa. Yaran da aka ɗauka yanzu suna da wata na'ura da suke tayarwa sama ta ɗauko hoton fili, su zauna gaban kwamfuta su tsaga shi gida-gida, takalminsu ko ƙura bai taɓa ba. Suna kirana Baba, amma irin Baban da ake ce wa tsohuwar kujerar da aka rasa inda za a kai. Shugaban sashenmu bai kai babban ɗana shekaru ba. Duk sanda na buɗe baki a wurin taro sai ya yi murmushi ya ce Baba ya huta, an gode da tarihi. Da safe kwandasta ya ce tsoho a matsa, da yamma in dawo in tarar famfo yana tari babu ruwa. An ci moriyar ganga, ƙanena, kwauren ne kawai ba a kai ga yarwa ba tukuna.

Abin da ke riƙe ni a ɗakin nan wani tabon yoyo ne a silin. In rana ta yi tsaka, ofis ya yi tsit, sai in jingina in zuba masa ido. Wani lokaci ya zama tsibiri, wani lokaci kogi mai rassa, in ga kaina ina tafe a gefensa da tef ɗin awo a hannu, ba mai kira na, ba mai ce mini in huta. Har sunaye na raɗa wa garuruwan da ke bakinsa. Ranar da aka ce za a yi wa ofis fenti na ɗauka shi ke nan, amma da yake alkawarin ofis ne, har yau ƙasata tana nan.

Sai kuma filin. Ban taɓa faɗa maka ba, amma tun bayan tafiyarka ni nake zana masa layi duk ranar hutu, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taɓa cewa sannu in ban da mai shayin bakin fili. Nakan fita da sassafe da bokitin farar ƙasa da gwangwani mai huda da igiyar nan tawa mai ƙulli-ƙulli, wadda nake fitar da kusurwa da ita, uku nan, huɗu nan, biyar a karkace, kwana ta fito cif kamar an yanka da wuƙa. Kada ka tambaye ni ƙungiyar unguwa, don takaici ne zalla. Koci ɗan ƙanwarsa yake sawa a gaba, yaron da in ya samu ƙwallo sai ya tsaya yana tunanin duniya. Golansu tsoron ƙasa yake, ba ya faɗuwa don kada wandonsa ya ɓaci, ana zura masa yana gyara safar hannu. In an ci su, alƙalin wasa ne. In ruwa ya sauka, alƙalin wasa ne. Suna tashi kuma su tafi gidan kallo su yi ta tayar da jijiyar wuya a kan 'yan wasan wata duniya da ba su san da zamansu ba. Rannan na ce wa golan ya riƙa fitowa yana rage wa mai bugu fili, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wai a zamaninmu ai da ƙwallon tsumma ake yi.

Amma da sassafen nan, kafin kowa ya zo, filin nawa ne ni kaɗai. Farar ƙasa tana zuba siririya a bayana, raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando, sai in ji kamar duk kuna nan. In hango abokinmu Dogo yana gudu a gefe yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya, in ji muryar Inna daga bakin hanya tana cewa in mun ga dama mu kwana a nan. Kai kuma kana tsakanin ƙarafan ragar gabas, kana ta tirje ƙasa da ƙafa kamar ɗan akuya, hagu, dama, hagu, ba ka iya tsayawa wuri ɗaya. Sannan in ga ƙwallon nan tawa. Ka san wadda nake nufi, ta ranar da aka raba mu ƙungiya biyu, lokacin ba a sa ƙarfen sama ba sai igiya. Na buga ta, ta tashi ta shiga cikin hasken rana, kowa ya kare ido da hannu. Ni na ce ta bi ta ƙarƙashin igiya, kai ka rantse ta bi ta sama, muka yi mako ba ma ci a kwano ɗaya. An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ni wannan ƙwallo har yau tana can sama, ban ga saukarta ba.

To ga abin da ya hana ni amsa maka. Kwanakin baya shugaban sashe ya aiko a kira ni, ya ba ni kujera, har ya sa aka kawo mini shayi. Tun daga shayin na san ba lafiya ba. Ya ce an ba da filin, za a yanka shi shaguna, kuma ni ake so in jagoranci kafa turaku saboda ba wanda ya san wurin kamar ni. Sai ya ƙara da cewa mutanen unguwa suna ganin girmana, in ni ne a gaba ba mai ɗaga murya balle dutse. Ka ji amfanin da aka samo wa furfurata. Shekara da shekaru ba a tambaye ni ko faɗin tabarma ba, ranar da aka tuna da ni garkuwa ake nema.

Na dawo gida da maganar. Matar yayanka ta ce in bi a hankali, saura ƙiris in yi ritaya, kada in zubar da ruwan da na ɗebo tun safe a bakin ƙofa. Dogo, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya ce in shi ne sai ya jefa musu takardarsu a fuska, na ce masa shi ya sa bai taɓa riƙe aiki ya kai shekara ba. Na auna abin ta kowace kusurwa. In na ƙi, yaran nan za su je da na'urarsu su gama kafin shayi ya huce, filin ya tafi, ni ma in tafi. In na je, filin ya tafi, amma da hannuna. Ban ga inda igiyata za ta fitar da wannan kwana daidai ba. Daga ƙarshe na ce gawar da za a wanke ko ta halin ƙaƙa, gara nata ya wanke ta.

Ranar da muka je an kwana ana ruwa. Layukan da na zana a hutun da ya wuce suna nan, sun yi dishi-dishi. A ƙa'idar aikinmu, duk inda za a jera gini dole a bar lungu guda da ruwa zai bi ya fita, kuma wanda ya taka ƙasa shi ke faɗin inda zai bi, ba zanen ofis ba. Sai na ajiye takarda na bi ruwan da ƙafa. Daga tsakiyar fili ya gangara a hankali, ya yi gabas, ya je ya taru a wani kwari a gaban raga, sannan ya silale ta tsakanin ƙarafan nan biyu ya faɗa kwata. Na tsaya a bakin kwarin ina kallon gajimare na wucewa a cikinsa. Makulli, ramin nan ƙafarka ce ta fara haƙa shi. Tirje-tirjen nan naka da Inna ke cewa zai cinye mata takalma, shi ne ya lotsa wurin, gololin da suka biyo bayanka suka ƙara, har ƙasa ta saba, ruwan filin gaba ɗaya ya koyi bi ta nan. Na ce wa abokin aikina a nan lungu zai bi. Ya duba na'urarsa ya ce haka ne, Baba. Shugaban sashe ma bai ja ba, tunda yawan shagunansa bai ragu ba.

Sauran kuwa na yi shi. Na kafa turaku a kan layin da na zana da hannuna, guduma tana sauka ina jin ta a haƙorina. Mutanen unguwa suka tsaya a gefe, kuma kamar yadda aka yi lissafi, ba wanda ya ɗaga murya. Da sun yi jifa da ya fi mini sauƙi. Mai shayin bakin fili, wanda kullum yake ajiye mini kofi in na gama zane, ya juya baya yana goge teburin da ba datti. Koci ya matso ya ce a hankali wai shi ya ɗauka Baba nasu ne. Na ci gaba da buga turke. Golan nan mai tsoron ƙasa kuwa, shi na gani zaune dirshan a cikin laka ya rungume ƙarfen raga. Ashe yana iya ɓata wando.

Ka ga abin da karatuna ya saya mana ke nan, ƙanena: lungu guda, faɗinsa bai fi amalanke ta wuce ba. An riga an fara sauke bulo, ƙarafan ma an tumɓuke su. Bokitin farar ƙasa yana bayan ƙofa, matar yayanka ta ce in ba zan yi amfani da shi ba ta shafe bangon kicin, na ce ta ɗan dakata.

Duk da haka ina so ka zo, kada ka fasa. Ka kawo takwarana. Zan kai ku ta bayan shaguna, mu shiga wani lungu da ba wanda zai kula da shi, in nuna masa inda ƙasa ta lotsa in ce ya sa ƙafarsa a ciki. Wannan wuri ba za a taɓa ɗora masa bulo ba muddin ana ruwan sama. Kai kuma ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwanka, ina jin yatsunka za su taɓa bango hagu da dama. Ragar ta tsuke yanzu, ko da tumbin naka ba mai iya zura maka. Sai mu ɗaga kai mu dubi ɗan siririn saman da suka bar mana, ko Allah zai sa ta sauko a ranar, yaron ya raba mana gardama.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce na gode da maganin gwiwa, ya yi amfani. Ka shafa mini kan takwarana da 'yan biyu da 'yar lelenka. Yaya Babba tana gaishe ka, ta ce ka rage maiƙo. Autarmu da mijinta suna gaisuwa, haka ma Dogo, wanda ya ce in faɗa maka shi yana kusa da raga a ranar amma rana ta kashe masa ido. Matar yayanka ta ce a gaishe ku duka, tana nan tana tanadin zuwanku. Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu gana da rai da lafiya.

Ni ne yayanka,
mai igiya da farar ƙasa.

Af, na manta. Ta ƙarƙashin igiya ta bi.