Kurɓin Farko na Ƙasa Ne

Zuwa ga ɗana Nomau, a Abuja.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'ya'yanka da ban san sunayensu ba. Ni ban yi karatu ba, na allo ko na boko. Malam Isa mai shagon cajin waya ne ke rubutawa, yana yi yana istigfari. Na ce ya sa wasiƙar a intanet inda jama'a ke karantawa, tunda ka daina ɗaukar kirana. Maganar gonar fadama ce, gadon ɗan fari. Amma sai na biyo ta kan kwalbarka.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da masarar garinmu Ƙarfi, ita ce rabonka da gidan nan. Ka zo da abokanka da kwalba a cikin kwali. Ka ce barasar Turawa ce, birandi, ta fi shekara ashirin tana kwance a gangar itace. Ka ce yau za ka koya wa ubanka shan giya. Ni, da aka yaye ni a gindin tukunyar burkutu.

Ban manta karatun naka ba. Kaɗan ake zubawa, iya abin da zai rufe gindin kofi. A rungume kofin da tafin hannu har ya ɗauki ɗumin jiki. Kada a cusa hanci, a shaƙa daga nesa-nesa. A kurɓa kamar mai jin tsoro, a bar ta ta zauna a kan harshe, ba a kwankwaɗa. Duk na ji. Sai na yi abin da ubana ya yi, da uban ubana: na karkata kofin na zuba wa ƙasa rabonta. Mu Maguzawa ba ma kai giya baki sai waɗanda ke kwance sun sha.

Ka fizge kofin daga hannuna. A gaban baƙi, a gaban uwarka Kande. Ka ce wannan ba ruwan tsamin ƙauye ba ne da za a shayar da tururuwa. Abokanka suka yi dariya. Uwarka tana tsaye da ƙwaryar burkutun da ta dafa dominka, da dawar da ta tsirar da hannunta. Ta juya ta mayar da ita ɗaki. Ka tafi ka bar kwalbar, ko don fushi ko don sadaka, oho.

Kande ta rasu bayan girbin bana. An aika maka, ka ce aiki ya riƙe ka. Jatau ɗan ƙanena ne ya haƙa kabari. Ranar giyar makoki shi ya durƙusa ya zuba mata kurɓin farko, aikin da naka ne. Dangi suka zo tun daga Tsiga suna tambaya ko ka mutu ne. Na ce ban sani ba tukuna.

Da aka watse na ɗauko kwalbarka. Na bi duk yadda ka ce, sai dai a ƙoƙo, don kofin ya daɗe da fashewa. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin kirki ne. Da farko wuta, sai dabino, sai wani ƙamshi kamar na tsohuwar butar zuma, ta gangara ƙirji ta zauna. Sabon shiga in ya bi ta a hankali zai ji daɗinta. Amma na gane halinta. Giyarmu kwana biyu ne ranta, in ba ka kira mutane ba ta lalace, dole ka yi zumunci. Taka sai ta shekara ashirin ba ta nemi kowa ba. Ta dace da kai.

Nomau. Kana rarrafe kake bin uwarka gindin tukunya, ta tsoma yatsa a ruwan zaƙi tun bai yi tsami ba ta sa maka a baki, ka riƙe yatsan da hannu biyu. Takan ce, "Wannan kam ba zai bar ni ba." Har ranar da ta daina magana, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Ni ma ina ɗagawa, ba zan ɓoye ba. Yanzu na daina.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana. Allah ya ba 'ya'yanka ilimi irin naka, ya sa ka tsufa a hannunsu.

Gobe da sassafe zan kai ragowar kwalbar kabarin Kande in juye mata duka, ta ɗanɗana abin da ya fi ta daraja a wurinka. Daga can in kira dattawa, in zagaya da Jatau iyakar gonar fadama a gabansu. Wanda ya zuba shi ke gado. Ranar tawa kada ka wahalar da motarka, akwai mai zuba mini.

Ubanka,
Barau.