Gida na Ashirin a Chenar ta Sama

Kurush, mijina abin ƙaunata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Littattafan da ka aiko sun sake sauka a Chenar ta Ƙasa. Ka riƙa rubuta "ta Sama, bayan dutse", sai ka ce ba a nan aka haife ka ba!

Ga babbar magana. Hukuma ta ce duk ƙauyen da bai kai gida ashirin ba za a rufe masa ɗakin shan magani, a mayar da ungozoma Ƙasa. Mu sha tara ne. Haihuwata kuma tsakiyar sanyi za ta faɗo, lokacin da ƙanƙara ke toshe hanya.

Ungozoma ta ce da tukunya ake ƙirga gida. In muka raba girki da Mama, mun cika ashirin. Na yi mata maganar cikin ladabi, sai ta dire kofin shayi ta ce, "Guba nake zuba miki, 'yar nan?" Tun jiya kaji kawai take yi wa magana. Ka rubuto mata, mahaifiyarka ce.

Taka har abada,
Nastaran

*

Nastaran,

Ina gaisuwa. Aiki ya yi yawa a tashar jiragen ruwa. Kada ki sa ni tsakiya. Ku raba girkin na yini ɗaya, mai ƙidayar gidaje ya gani ya wuce. Balle ke da ko ƙwai kika dafa sai ya ƙone kina karatu, wa zai ci girkinki? Ki gaida Mama.

Kurush

*

Kurush,

Gaisuwa, amma kaɗan. Mun bi shawararka. Na hau da tukwane ɗakin sama, har albasa na yanka don ƙamshi. Mai ƙidaya ya zo, wani siririn yaron birni. Ya ce, "Gida nawa ne nan, Hajiya?" Mama ta ce "Biyu" kamar ana cire mata haƙori.

Har ya sa takalmi, sai ta yi masa tayin abinci. Kowa ya san tayin baki ne. Ya ƙi, ya sake ƙi, yadda ɗan mutunci ke yi. Amma ka san Mama, sai ta rantse da kabarin Baba. Bawan Allah ya zauna. Tana zuba shinkafa ta ɗaga murya: "Nastaran! Sauko, naki zai huce! Kullum sai na yi ta kira!"

Ya dube ta, ya dubi ledar cin abinci, ya ce, "Kullum, Hajiya?" Ya cinye, ya yaba miyar rumman, ya rubuta sha tara.

A littattafaina, a nan ne miji ke ratso duwatsu ya iso. Nawa ya aiko layi biyar.

Matarka dai,
Nastaran

*

Ɗana Kurush,

Allah ya yi maka albarka. Ungozoma ce ke rubuta mini. Ban iya ƙarya ba, kuma ba zan koya da furfura ba. Na kwashe tukunyata da bargona na koma ɗakin mahaifinka na cikin lambu. Na sa an kira yaron nan mai ƙidaya, ya leƙa murhuna da idonsa, ko ruwa ban ba shi ba. Ashirin. Jikana a ƙauyen nan zai faɗo. Kai kuma ka ji kunya.

Uwarka

*

Kurush,

Gaisuwa. Ɗakin magani ya tsira. Gidan ya yi mini shiru, na kasa karanta ko shafi ɗaya. Shinkafata kuwa, ƙanzonta ko kare ya ƙi.

Kullum da azahar ina tarar da kwano a rufe a kan katangar lambu. Na tambayi Mama, ta ce, "Ni ina na sani? Gidanki daban, gidana daban. Ki dawo mini da murfin."

Ka zo kafin ƙanƙara. Ta Sama, bayan dutse.

Taka,
Nastaran